Tambaya kan Yuki Ishikawa na Japan, gwani ne da gaske ko zuzuta shi ake yi?

Sabon_Shiga:

Salam 'yan uwa, don Allah tambaya gare ni ga masu bin ƙwallon raga na ƙasashen waje. Ni ban daɗe da fara kallon wasan ba, wani abokina ne ya turo min bidiyon wasan Japan da Italiya na Olamfik ɗin Paris, kwata fainal ɗin nan na 2024, ya ce in kalla daga farko kar in tsallake komai. Na san sakamakon tun kafin in kunna amma wlh da aka zo seti na uku Japan na da 24 Italiya na da 21 sai da na miƙe tsaye da wayar a hannuna, sun riga sun ci seti biyu, maki ɗaya tak ya rage su shiga semi fainal, sai kawai abu ya juye, har yanzu in na tuna sai in ji ba daɗi kamar ƙasata ce aka cire.

Wanda ya tsaya min a rai shi ne mai lamba 14 ɗin nan, kyaftin ɗinsu Yuki Ishikawa. Duk inda na leƙa sai yabonsa ake, wai Japan ba ta taɓa yin kamarsa ba. To in haka ne me ya hana shi kashe wasan a lokacin da aka fi buƙatarsa? Kuma wai shekara da shekaru a Italiya yake wasa ba a gida ba, me ya kai shi can? Wanda ya san tarihinsa ya taimaka min don ina so in fahimci mutumin, ba wai rainawa nake ba.

Mai_Lamba14:

Wa alaikumus salam ɗan uwa, barka da shigowa, ka zo inda ake so. Wannan wasan da ka kalla ni kai tsaye na kalle shi ranar Litinin 5 ga Agusta, kuma kwana biyu ban iya buɗe komai da ya shafi ƙwallon raga ba, don haka na san abin da kake ji. Amma bari in koma da kai baya tukuna.

An haife shi 11 ga Disamba 1995 a garin Okazaki da ke yankin Aichi, yayarsa mace ce ta fara wasan shi kuma ya biyo sahunta tun yana firamare. A Japan wasan makarantun sakandare ba abin wasa ba ne, ana nuna shi a talabijin, akwai manyan gasa uku a shekara, to makarantarsu Seijoh ta cinye ukun duka a shekara ɗaya, ta sake dawowa ta cinye ukun a shekarar da ta biyo, kofi shida kenan a jere kuma shi ne ginshiƙin tim ɗin. Daga nan ya shiga jami'ar Chuo, a 2014 aka kira shi tawagar ƙasa yana ɗan shekara 18.

Yanzu ga amsar tambayarka ta me ya kai shi Italiya. Yadda tsarin Japan yake a lokacin, in ka gama jami'a sai ka shiga kulob ɗin kamfani, Suntory ko Panasonic ko Toray ko JTEKT, da yawan 'yan wasan ma'aikatan kamfanin ne, albashi na tafiya, in ka yi ritaya ga kujerarka a ofis tana jira. Rufin asiri ne sosai kuma yaro irinsa babu kamfanin da ba zai buɗe masa ƙofa ba. Shi kuma tun yana aji ɗaya a jami'a aka ba shi damar zuwa kulob ɗin Modena a Italiya na 'yan watanni a kakar 2014 zuwa 2015, ya tarar da su Bruno na Brazil da Ngapeth na Faransa, yawanci a benci ya zauna amma idonsa ya buɗe, ya ga cewa abin da ake kira gwaninta a gida a can ko'ina akwai shi. Tun daga nan hankalinsa bai koma ba. Ya je Latina yana ɗalibi, kaka biyu, da ya gama karatu a 2018 sai ya ƙi shiga kowane kamfani ya tafi Siena a matsayin cikakken ɗan wasan kwantiragi, Siena ta faɗa rukuni na ƙasa a shekarar, ya koma Padova, korona ta katse kakar, sannan Milano a 2020.

Ka duba jerin nan da kyau, ba daga sama ya faɗo ba, daga ƙananan kulob ya fara masu fafutukar kar su nutse, kowace shekara ya ɗan hau tsani ɗaya. A Milano ya yi shekara huɗu kuma can ne ya zama mutum, sun ci kofin Challenge na Turai a 2021, sannan abin da ba zan manta ba shi ne 2023, Perugia ta buga wasa 22 a lig ta ci 22 ba wanda ya taɓa ta, Milano kuma ta ƙare ta takwas da ƙyar ta shiga zagayen fitar da gwani, aka haɗa su, Milano ta fitar da su a wasa na biyar kuma a gidan Perugia. A kakar da ta biyo suka ƙare na uku a Italiya. To Perugia ɗin nan da ya taya fitarwa ita ce ta ɗauke shi a 2024, kuma kocin da ya tarar a can Angelo Lorenzetti shi ne dai kocin Modena lokacin da ya fara zuwa yana yaro. A watan Mayu 2025 suka ci kofin zakarun Turai a Lodz ta ƙasar Poland, karon farko a tarihin kulob ɗin, shi kuma ya zama namiji ɗan Japan na farko da ya ɗaga kofin.

Wannan shi ne mutumin da kake tambaya a kai.

Sarkin_Bulok:

Malam Mai Lamba duk abin da ka faɗa gaskiya ne ban musa ko ɗaya ba, amma ka kauce wa ainihin tambayar yaron nan. Tambayarsa ita ce 24 da 21. Kuma ni ina ganin bai kamata mu riƙa rufe wannan da tarihin kofuna ba.

Ishikawa bai yi wasa mai kyau a rukuni a Paris ba, wannan kowa ya gani. Jamus ta doke su 3 da 2 a wasan farko, suka ci Ajantina, sannan wasan Amurka da suke neman seti ɗaya kacal don su tsallake sai da koci Philippe Blain ya zaunar da shi ya sako Otsuka sannan aka samu setin. Kyaftin fa, a benci, a wasan da ake neman rai. Da haka suka lallaɓa suka shiga a matsayi na takwas. Eh ranar Italiya ya farfaɗo ya ci maki 32 ya fi kowa a filin, amma da aka zo wurin da ake neman guda ɗaya an ɗaga masa ƙwallo bai kashe ba, Giannelli na Italiya ya tsaya a layin sabis ya yi ta aiko musu har aka yi kunnen doki, aka tafi 27 da 25, na huɗu 26 da 24, na biyar 17 da 15 bayan sun sake samun wata damar a hannu. Sau huɗu kenan suna da makin ƙarshe.

Sannan a 2025 gasar duniya a Filifin, sabon koci Laurent Tillie, Turkiyya ta ba su 3 da nema Kanada ta ba su 3 da nema, ko rukuni ba su fita ba. Shi ne dai kyaftin. Ni ina son yaron wlh, ina jin daɗin kallonsa, amma a wurina babban ɗan wasa shi ne wanda in an zo wuya ake miƙa masa kuma ya yanke, kuma ko a Perugia a kakarsa ta farko ai ba kullum yake farawa ba, suna karɓa-karɓa ne da Semeniuk da Plotnytskyi.

Dattijon_Raga:

Yarana ku bari in sa baki, na daɗe ina buga wasan nan kafin gwiwa ta hana, kuma har yau ina koya wa yara.

Sarkin Bulok maganarka tana da ƙamshin gaskiya amma kana auna shi da mudun da ba nasa ba. Ka fara duba jiki. Ragar maza tsayinta mita 2.43 ne, Ishikawa bai wuce mita 1.92 ba, a gurbin da yake bugawa a Turai yawancin abokan karawarsa sun kai mita biyu ko sun haura, masu tare a tsakiya kuwa wasu sun doshi 2.10. Seta ɗinsu, wato mai ɗaga wa masu duka ƙwallo, Sekita 1.75 ne, Nishida mai bugu da hagu 1.86 ko kusa da haka, libero, wato mai tsaron baya, Yamamoto bai fi 1.71 ba. Wato tim ce da in ka jera ta kusa da Italiya ko Poland sai ka ce ƙannensu ne suka rako su. Irin wannan tim ba ta cin wasa da ƙarfi, sai da karɓa mai tsafta da sauri da dabara, kuma kuskure ɗaya da doguwar tim za ta shanye, su sai ya kashe su.

Abin da masu kallo ba sa lura da shi kenan a gurbinsa. Ɗan wasan gefe ba duka kawai yake ba, shi ake nufa da sabis. Abokan hamayya da gangan suke aiko masa ƙwallo mai gudun fiye da kilomita 100 a awa don su gajiyar da shi, ya durƙusa ya karɓa da damatsa, ya miƙe ya ja baya ya ɗauki gudu ya yi tsalle ya doka, duk a cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Wanda ya taɓa tsayawa karɓar sabis na awa ɗaya ya san yadda hannu ke yi, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu ya yi jawur, washegari ya koma shuɗi-shuɗi, ko riga ka saka sai ka ji ta. Ina da wani yaro da nake koya wa, da ya fara sai ya riƙa janye hannu kafin ƙwallo ta iso saboda zafi, sai na zaunar da shi na nuna masa bidiyon Ishikawa a hankali, na ce kar ka kalli dukan, kalli ƙafafunsa kafin a buga sabis, ka ga ya riga ya matsa rabin taku tun ƙwallon tana hannun mai bugawa, ka ga kafaɗunsa sun riga sun fuskanci inda seta yake. Yaron ya kalla ya fi sau goma.

Sai kuma abin da yake yi da ƙwallo mara kyau. In karɓa ta lalace aka ɗago masa ƙwallo daga nesa, mutum uku sun riga sun tsaya masa da hannuwa shida a sama, yawancin matasa rufe ido suke su doka da ƙarfi ta dawo musu a fuska. Shi kuwa sai ya goga ta a yatsun mai tarewa ta fita waje, ko ya tura ta a hankali jikin bulok ɗin, wato hannuwan masu tarewa, ta dawo gefensu su sake shiri, ko ya yi kamar zai doka yana sama sai ya ɗaga wa Nishida. Wannan a Italiya ya koyo shi, don a can in ba ka iya ba ba za ka kai wata biyu a fili ba.

Game da tarihi kuma, ku sani Japan ba baƙuwa ba ce a wasan nan. Matansu sun ci zinare a Olamfik ɗin Tokyo 1964, mazansu sun ci zinare a Munich 1972 ƙarƙashin koci Matsudaira, su ne ma suka yaɗa irin harin nan na sauri da yaudara da kowa ke yi yanzu. Daga baya duniya ta koyi dabarun ta haɗa da tsawo, Japan ta koma baya, mazan ba su je London 2012 ba, ba su je Rio 2016 ba, Ishikawa na cikin waɗanda suka sha kashi a neman gurbin Rio. Daga wannan ramin aka fito. An ba shi kyaftin a 2021, a Olamfik ɗin Tokyo suka kai kwata fainal karon farko cikin shekara 29, Brazil ta cire su. A 2023 gasar Nations League suka ci wasa goma a jere har da Brazil da suka shekara 30 ba su doke ta a babbar gasa ba, suka ɗauki tagulla bayan sun doke Italiya 3 da 2 a Gdansk, lambar farko a babbar gasar duniya tun 1977. A shekarar dai suka je har Iran suka doke Iran 3 da nema suka ɗauki kofin Asiya, shi aka ba gwarzon gasar. A Nations League na 2024 azurfa, Faransa ce ta doke su a fainal. To tim ɗin da ba ta iya zuwa Olamfik ita ce yau muke jin haushin ba ta kai semi fainal ba, wannan haushin ma ai shi da abokansa ne suka saya mana shi.

Makin nan ɗaya kuwa, ba zan ce ba laifinsa ko kaɗan ba, shi ma bai ce haka ba. Amma a 24 da 21 duk filin ya san inda ƙwallon za ta je, 'yan Italiya kuma sun fi kowa saninsa don shekara kusan goma suna haɗuwa da shi duk mako, sun san kusurwar da yake so, sun san abin da yake yi in an matse shi.

Ummu_Libero:

Baba Dattijo Allah ya ƙara lafiya, ka faɗi abin da ke raina. Ni abin da zan ƙara shi ne bayan wasan. Da aka tsayar da shi gaban 'yan jarida bai ce alƙali ba, bai ce seta ba, cewa ya yi shi ne ya kasa kawo makin ƙarshe kuma alhakin na wuyansa, alhali shi ya fi kowa cin maki a ranar. Kuma ku tuna 'yan makonni kaɗan bayan nan ya tattara ya tafi Perugia, wanda zai riƙa ɗaga masa ƙwallo kullum a atisaye shi ne Giannelli ɗin nan dai da ya tsaya a layin sabis ya rushe musu mafarki. Ni dai na jinjina wa zuciyar da za ta iya wannan, kullum ka ga fuskar mutumin da safe, ku yi dariya tare, ku ci kofi tare a ƙarshen kaka.

Yaya Sarkin Bulok batun benci a Perugia kuma ai da saninsa ya je. A Milano shi ne sarki, babu mai taɓa gurbinsa, da ya so da ya zauna. Ya zaɓi inda sai ya yi kokawa da manyan 'yan wasa biyu kafin ya samu shiga, yana dab da shekara 29, ni a wurina wannan ƙari ne ba ragi ba.

Kuma kar a manta da ƙanwarsa Mayu, an haife ta a 2000, ita ma gefe take bugawa kuma ba ta da tsawo a ma'aunin wasan, ta bar Toray ta tafi Firenze a 2023 sannan Novara, a 2025 aka ba ta kyaftin ɗin tawagar mata bayan Sarina Koga ta yi ritaya. Wa da ƙanwa, ciki ɗaya, kowanne kyaftin ɗin ƙasa a lokaci guda. Sannan ga Ran Takahashi da ya je Padova da Monza, ga Nishida da ya yi kaka ɗaya a Vibo Valentia, ga Otsuka da ya je Milano bayan tafiyarsa. Kafin shi akwai waɗanda suka gwada Italiya irin su Yoichi Kato da Koshikawa, ba a hana su haƙƙinsu ba, amma shi ne ya je ya zauna ya koyi yaren har yana hira da 'yan jarida da Italiyanci, ƙananan suka ga ashe ana iyawa.

Sarkin_Bulok:

Baba na karɓi gyara a kan maganar karɓar sabis, gsky ban cika kallon wannan ɓangaren ba idona na kan duka da bulok. Hajiya ke ma maganar Giannelli ta shige ni. Amma ina nan kan bakana a abu ɗaya, abin da ya faru a Filifin ba ƙaramin abu ba ne kuma ba a yi masa bayani da tsawo ko gajarta, Turkiyya ɗin nan Japan ta doke ta 3 da nema a Tokyo a 2023 lokacin neman gurbin Paris. Nishida ya ɗauki hutu daga tawagar a shekarar, Sekita ma ba ya nan, na sani, to amma lokacin ne ake son kyaftin ya ɗauki yara a kafaɗa. A 2028 zai kasance yana da shekara 32, Olamfik ɗin Los Angeles ce kusan damarsa ta ƙarshe, ina masa fatan alheri da zuciya ɗaya amma sai na gani.

Sabon_Shiga:

Kai na gode ƙwarai, wlh ban zaci zan samu bayani haka ba, Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Baba Dattijo na koma na sake kallon seti na farko ina bin ƙafafunsa kamar yadda ka ce, abin mamaki sai na ga kamar wani wasan daban nake kallo, kusan duk sabis mai zafi wajensa ake nufa ko tsakaninsa da libero. Yanzu wane wasa kuke ganin ya kamata in nema in kalla a gaba, wanda zan ga shi a ranar da abin ya yi masa kyau?

Mai_Lamba14:

Fara da wasan tagulla na Nations League 2023 da Italiya, shi ma seti biyar ne kuma shi ya doka ƙwallon ƙarshe. Bayan shi ka nemi gasar neman gurbin Olamfik ɗin Paris da aka yi a Tokyo a Oktoban 2023 amma kar ka tsallaka kai tsaye zuwa wasan Slovenia, fara da na Masar da suka ci seti biyu aka dawo aka doke su 3 da 2, lokacin bai gama warwarewa daga ciwon baya ba kuma kowa ya fitar da rai, daga nan sai da suka ci Tunisiya da Turkiyya da Sabiya da Slovenia duka 3 da nema kafin su samu tikitin, karon farko da suka samo shi da guminsu tun Beijing 2008. In ka gama waɗannan sai na turo maka wasa na biyar na Milano da Perugia, sharhin da Italiyanci ne amma ba za ka buƙaci fassara ba, ka dai sa ido a seti na ƙarshe ka ga wa ake ɗaga wa ƙwallo.